Waƙar Rijiya da Muka Yi da Kulu

A gidanmu na Ƙofar Dundaye, ba a kashe wutar murhu da zarar an sauke tuwo. Kakata, Inna Tumba, takan jawo tabarmarta kusa da garwashin, ta tura dankali cikin toka, mu yara mu kewaye ta. Cikinmu har da Kulu, 'yar maƙwabtanmu, wadda katanga kawai ta raba ɗakin uwarta da namu. Tare muke zuwa makarantar allo, tare muke cin duka, wuri ɗaya muke zama.

"Ga ta nan ta iso ƙofa," in ji Inna, tana buɗe tatsuniya.

"Ta shigo mu ji ta!"

Inna ba ta yin waƙar tatsuniya. In labari ya kai wurin waƙa sai ta yi shiru ta dube mu. "Muryata ta tsuhwa. Kulu, Luba, ku yi mata waƙa, in ko ba ku yi ba, nan za ta kwana." Haka muka fara. Kulu ce mai zaƙin murya, ita ke bayarwa, ni ina amshi ina kaɗa ƙwarya. Da rana mukan ɓuya bayan rumbu mu shirya baitoci, mu yi ta gardama kan kalma ɗaya.

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta rijiyar wani gari da ba ta ba da ruwa sai an yi mata waƙa. 'Yan mata biyu ke yi, ɗaya ta bayar, ɗaya ta amsa, ruwa ya taso har baki. Mutane suka yi ta yabon mai bayarwa, har ta ga garin ya yi mata kaɗan, ta tafi. Ta bi rijiyoyin duniya tana rerawa, ko ɗigo bai taso ba. Ita kuma mai amshi kullum takan je bakin rijiya ta zauna, ba abin da za ta amsa. Sai da suka yi furfura mai tafiya ta dawo, murya ta dushe. Ta buɗe baki da ƙyar, 'yar'uwarta ta amsa, ruwa ya taso. Waƙar da muka sa mata ita ce: "Rijiya buɗe ido ki gan mu," amshin kuma, "Mu biyu munka zo."

Da wannan waƙar muka shiga sakandare. Mun yi ta a dandalin makaranta, muka ƙara wasu, har malamai na kiranmu in za a yi wasan kwaikwayo. Daga nan Kulu ta yi aure, aiki ya kai mijinta kudu. Inna ta rasu. Ni na zama malamar firamare. Ba faɗa muka yi ba. Gaisuwa ce ta yi ta raguwa har ta ɗauke.

Bara, a wani gidan suna, wata matashiya ta durƙusa ta gaishe ni. "Mama, ke ce Luba? Ni ɗiyar Kulu ce. Mun dawo, muna unguwar Gidan Dare." Ta ce uwarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, magana ba ta fita sai kalma ɗaya ko biyu.

Na je da la'asar, ban san ko za ta gane ni ba. Na iske ta a kan kujera a tsakar gida, hannun dama a kwance bisa cinya. Ta dube ni, bakinta ya motsa, sunana ya ƙi fita. Na yi gaisuwa, na ba da labarin 'yan unguwa, zance ya ƙare mini. Jikokinta na tsaye suna kallonmu. Don in kore shirun, na jawo wani kwano na fara kaɗawa.

"Rijiya tashi ki gan mu..."

"A'a!" Kulu ta buga hannun hagu a kujera. Ta ja numfashi, sai ga shi a cikin waƙa, a hankali amma sarai: "Rijiya buɗe ido ki gan mu."

Na amsa mata. 'Yarta ta toshe baki ta shige ɗaki. Daga baya ta gaya mini tun da ciwon ya sami uwarta ba ta ji jimla cikakkiya daga bakinta ba.

Ina yarinya, na ɗauka Inna na yi wa mai girman kai faɗa ne, kuma a ɓoye ina jin daɗi, tunda ni ce mai amshi. Yanzu na lura a tatsuniyar ba wanda ya tambayi mai dawowa dalilin daɗewarta. An amsa mata kawai. Ni ma ban tambayi Kulu ba, ita ma ba ta da bakin tambayata.

Duk Juma'a ina zuwa. Rannan ƙaramar jikarta ta ce, "Kaka, wa ya ƙirƙiro waƙar nan?" Na nuna Kulu. Ko da na waiga, ita ma ta ɗaga hannunta mai lafiya tana nuna ni.