Yadda Aka Cire Hure Mai Kitso Daga Guruf

A wani ƙauye kusa da Bagwai, duk macen da ke son shuku mai kyau gidan Hure take nufa. Kitso wajen kakarta ta gada. Son karatu kuwa tun tana makaranta ya kama ta, bai sake ta ba har bayan ta auri Malam Ɗanliti mai noman albasa. Da waya ta shigo hannunta sai ta huta. Takan jingina ta da robar man kitso, wata murya na karanto labari, yatsunta na cikin kan mutane.

Da farko ta ji daɗi. Daga baya ta lura duk labaran kamar uwa ɗaya ta haife su. Saurayin kullum likita ne da ya dawo daga Turai, ba ya dariya, sai ƙamshi. Budurwar fara ce sol, gashi har gadon baya, amma ba marubuciyar da ta taɓa faɗin wa ke yi mata kitso. Wannan ya fi komai ƙona wa Hure rai.

Ran nan tana kitsa kan maƙwabciyarta Tahira, aka zo inda budurwa ta suma don kawai saurayi ya harare ta, aka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo, ta sake suma. Hure ta ajiye matsefi ta tura saƙon murya a guruf ɗin marubuciyar. Ta gaishe ta da ladabi, ta yaba mata, sannan ta tambaya ko a garinsu ba a yin damina ne, ba akuya, ba mai zuwa niƙa. Kafin ta gama kan Tahira an cire ta daga guruf ɗin, ita ma ta kashe wayar.

Tahira ta yi dariya har tsagar ta karkace, ta ce, "To Yaya Hure, tunda kin kashe wayar, ai sai ki ba mu naki."

Sai Hure ta kama labarin wani da ya je gaida surukai. Kunya ta hana shi taɓa tuwon da aka kawo, ya ce a ƙoshe yake, can aka tsince shi a bayan rumbu yana ɓarzar gyaɗarsu. Matan da ke jiran layi suka ƙi tashi, har da wadda ta bar wake a wuta.

Haka ta ci gaba kullum. Matsala ɗaya aka samu: wata Asama'u ta saurari labarin gyaɗar, ta gane mijinta ne, ta tashi da rabin kitso tana huci. Hure ta bi ta har gida ta ba ta haƙuri, ta ƙarasa mata kan a can.

Tun daga ranar, duk abin da ya faru a ƙauyen, a bakin Hure a Gezawa ya faru. Ita kuwa ko hanyar Gezawa ba ta sani ba.