Labarin Mai Farin Sa

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya tashe mu muka koma sabuwar Maradun, ina ɗan shekara tara, surutu kamar aku. Gidanmu na mahauta ne da masu fataucin shanu. A shekarar ce Kawu Sani, autan kakarmu Inna Kulu, ya kora sa zuwa kasuwar Talata Mafara bai dawo ba. Mu yara aka ce mana ya bi shanu Ikko, muka yarda, har muna jiran tsaraba.

Bayan isha'i Inna kan hura kara a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Tatsuniyoyin kura da zomo duk mun haddace su, sai wani dare ta fito da sabuwa, ta wani saurayi Mai Farin Sa da ya tafi kasuwa aka neme shi aka rasa. An tsinci takalminsa ɗaya a hanyar Bakura. An ga igiyar sansa a hannun wani dillali, dillalin ya rantse saye ya yi. Wani direban tifa ya ce ya rage masa hanya, washegari ya ce ba shi ba ne. Kowane dare da sabuwar alama, mu kuwa daɗi kamar ya kashe mu, muna gardamar wane ne mugun. Ko kusa ban haɗa shi da Kawu ba.

Abu ɗaya ke ba ni haushi. Kowace tatsuniya ana rufe ta da ƙurunƙus, amma wannan Inna ba ta rufewa. Sai ta tura toka kan garwashi ta ce, “Ku tai ku kwanta, ba a gane shi ba tukuna.”

Da na gaji, wani dare na miƙe ina taƙama na ce ni zan ƙarasa. Na ce ai dillalin ne ya kashe shi, ya ɗaura masa dutse ya jefa a ruwan dam, kifi ya cinye, shi ya sa ba a ga ko ƙashi ba. Na kwaikwayi yadda ya nutse, yara suka bushe da dariya. Na tafa hannu na ce ƙurunƙus.

Inna ta juyo ta dube ni. Can ta ce, “Angona, kai kag gama shi ke nan?” Na ce ƙwarai. Da murna na kwana.

Washegari ta aika aka kira liman, ta ce a yi wa Sani addu'a, aka soya waina aka raba sadaka. Mahaifina ya roƙe ta a ƙara jira, ta ce yaro ya faɗi abin da manya suka kasa faɗa mata. Ni kuwa na ci wainar har da neman ƙari. Ba ta sake ba da labarin ba, ba ta kuma taɓa yi mini faɗa ba.

Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini cewa takalmin da igiyar da direban duk gaskiya ne. Abin da masu cigiya suka kawo wa Inna da rana, shi take jera mana da dare, ko Allah zai sa ta hango inda ɗanta ya shiga. Yau ina karanta littattafan bincike irin na ɓatan mutane, ina jin daɗinsu, amma in na kusa ƙarshe kunya ke rufe ni. Har yanzu ban san ko gaskiya na faɗa a daren nan ba. Inna ma ba ta sani ba, ta dai yarda da ni.