Abin Da Ya Kai Ni Foshan Da Rani

Daga Suleja

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asubahin Litinin maigidana ya tada mota muka bar Chaza, don mu wuce Madalla kafin cunkoson ma'aikatan Abuja. Ni maginiyar tukwane ce. Mu tara ne mata muke aiki a rumfa ɗaya, muna yin kofuna da akusa masu ƙyalli, amma shekara biyu ke nan rabin abin da muka gasa tsagewa yake yi, har uku daga cikinmu sun fara maganar komawa talla. Shi ya sa na yanke shawarar zuwa Foshan, garin magina a kudancin Sin, da tsagaggen kofi ɗaya naɗe a cikin zani.

A shingen Zuba ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Hajiya, sai ina?"

"Sai Sin."

"Sayayya za a je?"

Na ce, "Tambaya zan je yi." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya da rabi. Awa huɗu da rabi zuwa Addis Ababa, daga can awa goma da wani abu zuwa Guangzhou.

Talata da Laraba

Na sauka da la'asar. Ina jin na san zafi, tunda na sha watan Maris a Suleja, amma wannan daban ne. Iska ce mai ruwa-ruwa, kamar mutum ya sunkuya kan tukunyar dambu. Na bi jirgin ƙarƙashin ƙasa kusan awa biyu zuwa Foshan, na kama ƙaramin ɗaki kusa da shagon taliya na wasu Musulmi. Kwano ɗaya da naman sa yuwan sha biyar na kuɗinsu, kuma nan na ci abinci har na bar garin.

Laraba ƙarfe takwas na fita unguwar magina. Shaguna bakwai na shiga, ina magana a waya tana fassarawa. Ko'ina sai a yi murmushi a miƙo mini takardar farashi. Babu wanda ya taɓa kofina. Na koma masauki tufafina sharkaf da zufa, ina tunanin abin da zan gaya wa matan da na baro.

Alhamis

Wajen ƙarfe ɗaya na rana, a wani lungu bayan wani tsohon tanderun gasa tukwane da ya hau tudu kamar maciji, sai jiri ya ɗebe ni. Na zauna a bakin wata ƙofa. Wani dattijo mai singileti ya fito, ya kira matarsa ta riƙe ni zuwa ciki. Suka kunna mini fanka, suka ba ni wani baƙin shayi mai ɗacin gaske. Sunansa Liang, shekara hamsin yana gini.

Da na dawo hayyacina na kwance zanin. Ya ƙwanƙwasa kofin da farce, ya duba tsagar da kyau, ya yi magana a wayata.

"Yaushe kuke buɗe tanderu?"

"Da safe, idan mun kashe wuta da yamma."

Ya girgiza kai. "Kwana biyu. Ki toshe kowace kafa da yumɓu. Yumɓunku mai kyau ne, gaggawa ce ke fasa shi."

Lallai tun da masu saye suka yi yawa muka fara buɗewa da wuri. Ya kuma nuna mini yadda yake tace ruwan ƙyalli sau uku, na ɗauka a waya.

Sannan ya tambaye ni irin na'urar da muke juya tukunya a kai. Na ce manyan tukwane ba ma amfani da na'ura, mu ne muke zagaya su. Bai gane ba, sai na roƙi yumɓu. Na ɗora a kan kututture, na shiga zagayawa da baya ina jan bangon tukunyar sama, yadda Mama Talatu, maƙwabciyarmu Bagwariya, ta koya mini ina yarinya. Kafin na gama wuya, maƙwabta sun cika ƙofa. Liang ya tashi ya gwada, ya yi zagaye biyu ya dafe bango, matarsa na ta dariya. Ya ce zai gasa tukunyar ya ajiye.

Komawa Gida

Na iso Suleja ranar Lahadi ƙarfe biyu na rana, ana yayyafi. Sati biyu bayan haka muka yi gashi. Da gari ya waye Mama Grace, babbarmu, ta zo da sandar buɗe tanderu, ta same ni na kafa kujera a bakinsa.

"Hajiya, masu kaya fa suna jira."

"Su jira, Mama."

Haka na tsare shi kwana biyu. Da muka buɗe, cikin kofuna arba'in uku ne kawai suka tsage. Mama Grace ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa tana kasa kunne, ba ta ce komai ba sai da ta kai na ƙarshe, sannan ta aika a kira matan nan uku masu maganar komawa talla.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, da maigidana da ya bar ni na tafi, da Liang da matarsa da suka buɗe wa baƙuwa ƙofa.