Burodin da Reb Zundel Bai Ci Ba

Duk wanda ya taɓa sayen kifi mai gishiri a bayan tashar jirgin ƙasa ta Antwerp ya san Reb Zundel. Gajere ne, mafaɗaci, kuma in ka ce kifinsa ya kwana sai ya raka ka har bakin titi da mita. Ba malami ba ne, karatunsa ma da ƙyar. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya: ya ci a teburin Rebbe na garinsu, can yankin Galishiya, kafin yaƙin duniya na biyu.

Rebbe shi ne shehinmu, mu Yahudawa. A cin abincin Asabar yakan ɗan taɓa, ya raba saura ga mabiyansa, su kuwa su yi ta wawaso don albarka, manya da gemunsu suna hawa benci. Asabar ta ƙarshe kafin sojoji su shigo, Rebbe ya gutsuro burodi ya sa wa Zundel a tafin hannu da kansa. Zundel, yana saurayi a lokacin, ya ƙulle shi a hankici mai ratsin shuɗi. Da ƙullin aka kore shi zuwa Siberiya, inda mutane ke tafasa fatar takalmi saboda yunwa, amma bai ci ba. Da ya dawo babu garin, babu Rebbe, babu ko kabari. An ce ƙone mutanen garin aka yi, har da Rebbe.

To, ga inda matsalar take. Kafin Idin Ƙetarewa dole a fitar da duk wani abu mai yisti daga gida, ko ɓurɓushi ne, a ƙone. Sai Zundel ya samo dabara. Duk shekara yakan kai ƙullin wurin Jef, maƙwabcinsa Kirista mai gyaran keke, ya ba shi kyauta don kada ya zama nasa a kwanakin idi, bayan idi Jef ya dawo masa da shi kyauta. Ko marigayiya matarsa ba ta sani ba, balle ɗansa Getzel.

A wannan shekarar Jef ya rasu. Zundel ya yi ta cewa gobe zai nemi wani amintacce, gobe zai nema, har jajibiri ya zo. Ita kuwa Kreindel, matar Getzel, in tana sharar idi ko aljihun mutum ba ta bari.

Da hantsin jajibirin aka taru a fili inda ake ƙona burodi, ɗan kwana-kwana yana tsaye a gefe. Zundel ya zo da niyyar komawa gida ya san yadda zai yi da ƙullin kafin lokacin da aka ƙayyade na rabuwa da burodi ya ƙure. Getzel ya zazzage jakar sharar gidansu cikin wuta. Zundel ya hango hankicin nan mai ratsin shuɗi yana cin wuta.

Bai yi ihu ba. Hannu kawai ya cusa har gwiwa, ya fizgo.

"Wayyo! Ku riƙe shi!" in ji wani.

"Baba, burodi ne fa! Burodi!" Getzel ya faɗa. "A gaban jama'a?"

Shmelke mahauci, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Reb Zundel, tsofai-tsofai da kai, in yunwa ce ai sai ka yi magana."

"Rufe mini baki, Shmelke," in ji Zundel. Hannunsa na hayaƙi, warin gashi ya cika wurin. "Daga hannun Rebbe ya fito. Hannunsa, zuwa wannan hannun."

Kowa ya san Rebben da yake nufi, kowa kuma ya san ko maɓallin rigarsa bai tsira ba. Shmelke ya kama gemu. Sai ga dattawa suna matsowa, suna miƙa yatsu a hankali su taɓa ƙullin, su sumbaci yatsun, wasu na kuka.

Kreindel ta kutso. "Baba, a ƙarƙashin rigunanku na gan shi. Wallahi na ɗauka mantuwa ce."

"Aikinki kika yi, 'yata."

Wani dattijo ya dubi rana ya ce lokaci ya kusa fita. "Ba wa ɗan kwana-kwanan nan, Reb Zundel, ya ajiye maka. Tunda ba namu ba ne, ya halatta."

Zundel ya buɗe tafinsa. Babu abin da za a ba wani. Gawayi ne, yana ta marmashewa tsakanin yatsunsa, iska na kwasa. Ya daɗe yana kallo.

"Ya ba ni ne in ci," in ji shi. "Ban ci ba."

Ya matsa gaban wutar ya sa abin da ya rage da kansa, a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ya karanta abin da kowane maigida yake karantawa, cewa duk burodin da ke hannunsa ya zama ba nasa ba, ya zama ƙurar ƙasa.

Mu, in uba ko shehi ya mutu, riga muke yagawa a ƙirji. Zundel bai taɓa yaga wa Rebbe ba, domin bai ga gawa ba, kuma muddin ƙullin na nan zuciyarsa ba ta yarda ba. Yana sanye da sabuwar rigar idinsa. Ya kama wuyanta da ƙonannen hannun, ya ja, har ɗan kwana-kwanan ya ji ƙarar yagewar ya cire hularsa.