Izi da Wazi

Sanyin garin Arlit na Nijar a wancan zamani ya wuce a ba da labari. Yaran yau in na faɗa musu sai su ce Baba Sale ya fara, amma ni da idona na ga mutum ya tofar da yawu ya daskare kafin ya kai ƙasa. A irin wannan sanyi ne muke taruwa gun Kaka, mahaifiyar babanmu, da zarar an sallame isha'i. Babanmu direban babbar mota ne a ramin uraniyom, kamfani ya ba shi gida a unguwar ma'aikata, har da lantarki da famfo. Ranar da aka kawo Kaka daga ƙauyenmu na Adar, ta ɗaga kai ta dubi ƙwan fitila sau ɗaya, ta tambaya ko yana gasa gujiya. Aka ce a'a. Ba ta sake kallonsa ba. Ta kafa murhun gawayinta a tsakar gida, mu bakwai mu kewaye ta, gwiwoyinmu na ƙuna, bayanmu na ƙanƙara.

"Ga ta nan, ta taho da ƙahwarta," haka take buɗewa.

Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta zamna, Kaka, mun share mata wuri!"

Ta iya muryar kura, ta iya ta gizo, ta iya ta raƙumin da aka yi wa lodi fiye da kima. Har maƙwabcinmu Buzu, mai gadin ma'ajiyar kamfani, yakan jingina da katanga yana saurare, in an gan shi ya ce igiyar akuyarsa yake nema.

Shekarar da na shiga kolej, wato sakandare, aka fara koya mana Ingilishi. Cikin wata biyu na zama bala'i a gida. Akuya ma da Ingilishi nake korarta. Na iya *I am eating*, na iya *he is coming*, na iya ƙirga har ashirin in ba a katse ni ba. Na gaya wa ƙannena cewa Mushe Abdu, malaminmu, yakan tsaya ya tambaye ni in kalma ta shige masa duhu. Babanmu da ya ji haka ya gyara zama, ya ce ashe kuɗin kaye, littattafan rubutu, ba su tafi banza ba.

Ana haka wasiƙa ta zo daga Kumasi. Can Baffa Idi yake, wan babanmu, ɗan farin Kaka, wanda ya tafi fatauci Gana tun ban zo duniya ba. Da ma saƙonsa da ajami yake zuwa a hannun ƴan goro. Wannan karon da biro aka rubuta, da Ingilishi, hannun ɗan mai gidan da yake haya. Akwai ƴan Gana masu aski a kasuwa, da an kai musu an gama. Babanmu ya ce ina, yana da mai Ingilishi a cikin gida zai je yana roƙon wanzami? Aka kira ni gaban murhu, aka kunna fitilar tsakar gida, Kaka ta matso har numfashinta na taɓa kunnena.

Layi goma sha biyu ne, na gane kamar kalma ashirin. Na laluba har na kama waɗanda na sani. *Idi has left us.* Na ce Baffa ya bar su, ya taso. *He was a good man.* Na ce sun ce mutumin kirki ne. Kaka ta ce, "Yo ni na haihe shi, sai su hwaɗa mani?" *He was coming to see you.* Nan na yi tsalle, don *coming* tsohon abokina ne. Na ce yana zuwa ganinki, Kaka! Wannan *was* ɗin kuwa ban taɓa haɗuwa da ita ba, na ɗauka haka mutanen Gana ke rubuta *is*, kowace ƙasa da irin bakinta. A ƙasa na ga *rest* da *Friday*, na ce har ya huta ranar Juma'a saboda doguwar tafiya.

Kaka ta yi guɗa, tsohuwar da in za ta tashi sai an kama ta. Babanmu ya shafa kaina a gaban kowa.

Daga ranar hira ta lalace. Kaka ta sa aka sayo ɗan bunsuru aka ɗaure ana yi masa dusa. Ta sayi dabino da cuku ta ƙulle a ƙasan akwatinta, ta sa aka wanke bargon da ba ta yarda kowa ya taɓa. Duk ranar da motar Agadas za ta shigo, sai ta ja ni tasha mu tsaya har fasinja na ƙarshe ya sauke buhunsa. Ta kan dubi kowane dattijo mai furfura, don ta ce ba ta san yadda shekaru suka mai da shi ba. Da dare in ta fara tatsuniya, kura na dab da kama gizo, sai a ji ƙugin mota a titi. Ta ɗaga hannu.

"Ku yi kurum. Sale, leƙa ka gani."

A garin da manyan motoci ke kai da kawo ba dare ba rana, sai ku ƙiyasta sau nawa na leƙa. In na dawo ta manta inda ta tsaya. Wata biyu cur kurar nan na riƙe da ƙafar gizo, ba ta cinye shi ba, ba ta sake shi ba.

Wata safiya Mushe Abdu ya raba allo gida biyu, ya rubuta *today* a sama ta dama, *yesterday* ta hagu. Mutumin Damagaram ne, siriri, mai son ya fassara mana da Hausa in Faransanci ya ƙi ci. Ya ce mu Hausawa ba ma taɓa aikatau, a gabansa muke rataya lokaci: na tafi, ina tafiya, zan tafi. Bature kuwa cikin kalmar yake shiga ya murɗe ta. Wasu ya liƙa musu wutsiya, *walk* ta koma *walked*. Wasu ya sake musu kama gaba ɗaya, *go* ta haifi *went*, ko kunnensu bai yi kama ba. Ajin ya kwashe da dariya, ni na fi kowa. Sai ya rubuta *is* a dama, ya ja kibiya zuwa hagu, ya rubuta *was*.

"Ku kula nan," in ji shi. "Mu in mun ce yana zuwa, ko yau ne ko bara, duk yana zuwa ne, sai mun ƙara da jiya ko a lokacin. Su harafi biyu ya raba musu gardama. *He is coming*, ku shimfiɗa tabarma. *He was coming*, ya yi niyya, ya kama hanya ma wataƙila, amma zancen ya zama na baya."

Nan take wasiƙar Kumasi ta faɗo mini a rai. Washegari na zaro wasiƙar daga ƙarƙashin matashin Kaka, na kai wa Mushe Abdu bayan an tashi, na ce wani aikin gida ne na maƙwabcinmu. Ya karanta layi uku, ya cire tabarau, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya nuna mini da bakin biro. *Has left us*: ya bar su, barin da ba a dawo ba har lokacin da ake rubutun. Hutun ranar Juma'a kuwa, ranar aka kai shi makwancinsa.

"Wane ne Idi, Sale?"

Na faɗa masa duka, har bunsurun.

Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai zo gun babana, amma ya fi kyau su ji daga bakin da ya yi kuskuren. Ranar Talata ce.

Kwana uku ban san ɗanɗanon tuwo ba. In na zauna kamar a kan garwashi, in na tashi ban san inda zan nufa ba. Na zagaye Arlit da ƙafa har karnukan kasuwa suka fara gaishe ni. Na shirya ƙarya tara. Na yi tunanin hawa motar Tamanrasset in ɓace cikin Aljeriya, in ya so a rubuto wa Kaka wasiƙa a kaina ni ma. Bunsurun kuwa duk sanda na wuce sai ya dube ni kamar shi ya karanta takardar.

Daren Alhamis Kaka ta ce ga ta nan, ƙannena suka amsa, ni ina ta tonon toka da tsinke. Mota ta yi ƙugi.

"Sale, leƙa."

Na kasa tashi.

"Kai miji na, mi ya same ka? Kwana ukku kana ta zilliya awa wanda ya zamna bisa cinnaka."

Na ce, "Kaka, Baffa ba ya zuwa." Sai kuka ya ƙwace mini, na riƙa zubo bayani a hargitse, allo da kibiya da *today* da *yesterday*. Babanmu ya fito daga ɗaki, ya fahimta kafin in gama. Ya zauna a ƙasa yana salati, can ya zabura ya nufo ni da takalmi a hannu. Kaka ta miƙa sandarta tsakaninmu.

"Aje shi, Mamman. Wa ya ba yaro takarda?"

Ta juyo gare ni, fuskarta a bushe. "Hwaɗi mani kalmomin nan biyu. Sannu."

Na ce *is*. Na ce *was*.

Ta gwada su a bakinta. "Izi. Wazi." Ta ajiye sandarta. "Ashe tun ina wanke bargo shina ƙasa." Ta ce a kama ta, ta shiga ɗaki. Har muka watse muna jin ƙarar carbinta.

Mushe Abdu da ya zo ranar Juma'a zaman makoki ya tarar. Bunsurun ya tafi a sadaka. Murhu bai sake fitowa tsakar gida ba sai bayan arba'in, lokacin zafi ya fara. Ran nan da kanta ta hura gawayin, ta kira mu, ta ba mu tatsuniyar da ban taɓa ji a bakin kowa ba, kafin nan ko bayan nan.

Wai an yi wasu tagwaye, Izi da Wazi, fuska ɗaya, murya ɗaya. Izi kullum yana gaba, rigarsa ɗaya, ƙwaryarsa ɗaya. Wazi na biye da shi yana tsince duk abin da ya saki. Izi na gama cin tuwo, akushin ya zama na Wazi. Haka Wazi ya tara dukiyar da ba ta ƙirguwa: ayarin raƙuma, sarakuna da dawakinsu, damunar bara da ta bara waccan. Wata tsohuwa tana jiran ɗanta matafiyi, sai ga sallama da magariba, muryar ɗanta sak. Ta dama fura ta miƙa masa. Ya kafa kai ya ɗago, ya ce alhamdulillahi, ƙwarya na nan cike fal. Ta sake miƙawa, haka. A na uku ta gane Wazi ne ya aro fuskar ɗan, don Wazi ba ya ci ba ya sha.

"Ta kore shi, Kaka?" in ji ƙanwata Hadiza.

"Ta kori baƙo? Ta shimhiɗa mai tabarma cikin zaure, ta ce zamna nan, kullum da marece in taho ka ba ni labarin ɗana. Amma hura ta Izi ce. Ta ɗauki ƙwaryar ta shiga gida ta ba jikokinta."

Ta jawo ƙullin dabino da cukun nan daga bayanta, ta raba mana. Nawa ta ƙara mini ɗaya. Ni da ba na iya riƙe baki, na ce ai akwai na ukunsu, Mushe ya koya mana shi jiya, *will*, na abin da zai zo.

"Wili? Wannan ba wanda ya taɓa ganin huskarshi. In ka ambace shi ka ce insha Allahu."

A lokacin abin da na ɗauka shi ne ta yafe mini, na ci dabinona. Sai da na yi furfura na ga sauran. Wata biyu na sa ta jiran mota, ita kuma ba ta so in girma ina gudun kalmar da na yi tuntuɓe da ita, sai ta mai da ita mutum mai sallama, ta zaunar da shi inda za mu riƙa ganinsa.

Yanzu tanka nake ja, ina kai ruwa Assamaka, bakin iyakar da ake zubo mutanen da aka koro daga Aljeriya cikin hamada, su ƙaraso gari da ƙafa. Cikinsu akwai ƴan Gana, ƴan Gambiya, ƴan Saliyo, kuma an san Baba Sale na jin Ingilishi, don haka akan kira ni tafinta. Ina yi musu barkwanci har wanda leɓensa ya tsage ya yi murmushi. Amma in mutum ya fara zancen wanda suka kamo hanya tare, sai in rufe baki in kasa kunne ga ƴar kalmar nan. Da sanyin da ya wuce wani saurayi ya riƙe mini hannu, ya ce *my brother is coming*, wai ɗan'uwansa yana baya. Wata ma'aikaciya mai rubuta sunayen waɗanda suka iso ta ce in tambaye shi da kyau, wuya ta sa da yawa ba su san abin da suke faɗa ba. Na tambaye shi sau uku, *is* ko *was*. Sau uku ya dubi tsakiyar idona ya ce *is*.

Na sauke rabin ruwan, na ce ya hau gaba ya nuna mini hanyar da ya baro ɗan'uwan nasa.