Na Ci Gida a Faisal

Jama'a, yau ƙasa ta ƙi tsagewa in shige!

Kun san ni da yawon ƙananan filayen ƙwallo lokacin sanyi. Yau a unguwar Faisal na hango wata mai koren mayafi a bakin fili, zuciyata ta ce ga rabonka. Sai ga kocin 'yan unguwa, ɗan wasansa ɗaya bai zo ba, ya tare ni da tambaya.

"Daga ina?"

"Najeriya."

"Allahu Akbar! Yalla, maza sa riga!" A ganinsa duk ɗan Najeriya gwanin ƙwallo ne.

Rabona da ƙwallo tun firamare, amma tana kallo, ya zan ƙi? Bugun farko na zura a ragarmu! Koci ya dafe kai ya fitar da ni. Ashe mai koren mayafin 'yarsa ce. Ta miƙo min ruwa ta ce, "Ma'alish, ba komai kawu, zauna ka huta."

Kawu fa!