Kamu Huɗu da Tafin Hannu

A wajenmu gona ba ta hutawa. Ƙauyenmu yana tsakanin Minjibir da birni, kuma duk inda ka jefa ido gonar wani ce, daga bayan dangar gidanka har bayan dangar ƙauyen gaba. Babu daji, babu saura. Saboda haka sai ka ciyar da ƙasa kafin ta ciyar da kai. Tun da na yi wayo nake ganin Baba da rani yana kora jakunansa uku zuwa birni da itace, ya dawo da taki cike da mangala, buhun nan mai baki biyu da ake ratayawa a gadon bayan jaki. Wata biyu yake yi yana wannan jigila, yana jera takin tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka.

Babbar gonarmu tana can ciki. Hanya ɗaya ce ke kai mutum, wani burtali da ya ratsa tsakanin gonakin mutane, shingen bini-da-zugu hagu da dama. Kofaton jakuna da ruwan damina sun daɗe suna cinsa, har ya yi zurfi ya yi gaɓa biyu. Tun ina ƙarami nake bin sa, amma ban taɓa tambayar kaina faɗinsa ba.

Ni kuwa ban gaji jaki ba, direba na zama. Ina jan a-kori-kurar wani Alhaji mai fataucin hatsi a Minjibir, kuma har yau in na tuna motar nan sai na yi murmushi. Sai an tura take tashi. Ƙofar direba da igiya nake ɗaure ta, lagireto kuwa sabulu ne maganinsa. In ta ɗauki buhu goma ta tunkari ɗan tudu sai ta yi ta tari kamar tsohon da ya sha hayaƙi, fasinja su sauka su taimaka mata. Amma ta san ni na san ta. Da kunne nake gane abin da ke damunta.

Sai shekarun nan suka zo. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa daidai lokacin da gero yake fitar da kai. Takin zamani ya zama sai wane da wane. Inna ta koyi tsawaita kunu da ruwa, ta daina tambayar kowa ko ya ƙoshi. Jakunan Baba suka rame, don harawar da za a ba su ma babu. Wanda shekarun suka yi wa daɗi shi ne mai hatsi a ajiye, shi ya sa a tsakiyar wannan wahala Alhaji ya ce zai sayi sabuwar mota.

Wata rana ya dawo daga birni da takarda mai santsi, da hoton motar a jiki. Ƙirar kamfanin tsohuwar ce, amma an sake mata fasali gaba ɗaya. Na karɓi takardar nan na kai wa wani malamin firamare ya fassara mini, na haddace kamar karatun allo. Ƙarfin injinta ya fi na doki ɗari. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, yashi ko taɓo ba ruwanta. Bayanta ya fi na tsohuwar tsawo da zurfi. Sitiyari da yatsa ɗaya ake juya shi. Ga fitilu huɗu, ga rediyo, ga ƙofa mai rufuwa da kanta ba igiya. Duk inda aka zauna, a teburin mai shayi ko gindin durumin masallaci, sai na kawo zancen. Har samarin gari suka laƙaba mini Doki Ɗari, ni kuma ina amsawa da fara'a.

Da la'asar ɗin wata Laraba na sami Baba a zaure yana ɗinke mangala.

Na ce, "Baba, ka sayar da jakunan nan tun suna da sauran kuɗi a jikinsu. Ka ga haƙarƙarinsu. Alhaji ya yi mini alkawarin yini guda cur in motar ta zo. Sawu uku, na gama maka abin da kake wata biyu kana yi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka ce ƙarfinta na doki nawa?"

"Ya fi ɗari, Baba."

"To su dawakin nan, a jere suke tafiya ko kafaɗa da kafaɗa?"

Na yi dariya, na zaci raha yake. Ya soke allurarsa ya ce, "Faɗinta nake tambaya. Kamu nawa ce?"

Na ce, "Haba Baba, wa yake auna mota da kamu? Ai ba yadi ba ce. Tsohuwar ma ta shiga burtalin bara waccan, da idonka ka gani."

Gaskiya ne ta shiga, sau ɗaya, ba kaya, tana gogar shinge. Kuma faɗin sabuwar yana rubuce a takardar, a ƙasa, cikin ƙananan lambobi na awon Turawa. Malamin ya zo wajen zai karanta na ce ya wuce, wannan ba shi ne abin ji ba.

Bayan kwana biyu Baba ya yanke shawara. Ranar kasuwa ya kora jakunan ya tafi. Da yamma ya dawo da igiyoyi biyu a naɗe a hannu, da tsohuwar jakar da babu wanda ya ko taya. Ya rataye mangalolin a ƙusar zaure, ya yi alwala. Ban ji komai ba a lokacin, sai ma daɗi, wai na shigo da gidanmu zamani.

Mota ta ƙi zuwa. Yau a ce takardu, gobe a ce tana hanya. Maƙwabta suka gama jera takinsu suka baza. Shamuwa ta iso ta sauka a kan kukar bayan gari, gabas ta fara haɗa gira da rana tsaka. Gonarmu tana nan fara fat, ba tsibi ko ɗaya. Baba bai taɓa tambayata ina motar ba. In ya fito daga masallaci da safe sai ya tsaya ya dubi gabas, ya dubi ƙasa, ya shige gida. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kowa a gidan ya san abin da ake ciki: rumbu ya kusa ƙasa, in gonar nan ba ta ci taki ba bana, ko an yi ruwa ba za ta ba mu abin da zai kai mu baɗi ba.

Ranar da ta iso kuwa, ba zan yi mata ƙarya ba, duk abin da takarda ta faɗa gaskiya ne. Fara ce sol, doguwa, sai ka taka matakala kafin ka hau. Na murɗa makulli ta tashi ba wanda ya tura, sautinta ƙasa-ƙasa. Warin sabuwar kujerar nan har yanzu yana hancina. Na so motar nan so na gaske, kuma ban daina ba.

Alhaji ya cika alkawari, ya ba ni Talata. Ana idar da asuba na nufi birni, wani tsohon juji da Baba ya saba ɗiba. Aka loda mini baƙin taki mai laushi, toka da kashin awaki da sharar shekaru, har ya yi tozo. Ko gezau ba ta yi ba. Yashin da tsohuwar ke kafewa a ciki ta wuce shi kamar kwalta. Kafin hantsi ya yi zafi ina bakin burtali ina danna ham.

Baba yana tsaye a wurin, tare da Malam, dattijon da gonarsa ke bakin burtalin ta hannun dama. Baba ya ɗaga mini hannu na tsaya. Bai dubi fitilu ba, bai ce in buɗe inji ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗora gwiwar hannu a gefen gaban motar, ya miƙe yatsu, ya matsa, ya sake ɗorawa.

Ya ce, "Kamu huɗu da tafin hannu."

Ya juya ya tsuguna a bakin burtalin, ya auna daga gaɓa zuwa gaɓa.

"Kamu huɗu."

Na ce a bari in gwada. Na naɗe madubai, na cusa hancinta a hankali. Ba ta yi tsawon mutum ba na ji gaɓar tana gurzar cikinta ta gefe biyu, bini-da-zugu yana zana fentin Alhaji. Doki ɗari suna gurnani a ƙarƙashina, babu inda za su. Na ja da baya gumi yana keto mini.

Na sauko na dubi hagu, rogon wani ne a killace. Na dubi dama, gonar Malam ce shimfiɗe, ba komai a kanta sai ƙasa. Na ce, "Malam, a sare shingen nan kaɗan in bi ta gefen gonarka. Gobe ni da kaina zan mayar."

Malam ya buɗe baki, na ga nauyi a fuskarsa, na san kunya za ta sa ya ce to. Baba ya riga shi.

"Ya yi binne. Irin da ke cikin ƙasar nan yana jiran ruwa shi ne na ƙarshe a gidansa, taya ba za ta hau shi ba. Iyaka kuma ba ni na dasa ba, ba ni zan cire ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To sai mu kwana da yunwa saboda shinge?" A gaban Malam na faɗa, da ƙarfi, kuma yana cikin maganganun da nake fatan a ce ban taɓa furtawa ba.

Baba ya ce, "Juye a nan."

Sawu uku na yi kamar yadda na yi alkawari. Na tara tsauni guda na taki a bakin burtali, na mayar da mota kafin magariba. Washegari Baba ya sauko da mangala ɗaya daga ƙusa ya ɗora wa tsohuwar jakar, ni da shi muka ɗauki kwanduna a ka. Ba wanda zai ara maka jaki, kowa yana tseren gama nasa aikin. Jakar tana sawu huɗu ta tsaya tana rawar ƙafa. Ni da na saba da kujera, wuyana ya sage tun ranar farko. Baba yana gaba da kwandonsa, ba ya sauri ba ya tsayawa, ina kallon jijiyoyin ƙafarsa. Kwana huɗu muka yi, ba mu kwashe ko rabi ba.

Rana ta biyar bayan azahar hadari ya taso. Ruwa ne irin wanda aka shekara biyu ana roƙo. Daga gari kana jin guɗar mata. Ina tsaye da kwando a hannu ina kallon tsaunin takinmu yana narkewa, baƙin ruwa yana bin ƙarƙashin shinge yana malala cikin gonar Malam. Baba ya ɗaga fuska sama, ruwa na bin gemunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi," kuma har zuciyarsa yake nufi. Ni kuka na yi, na zauna a gaɓar burtalin na yi shi sosai.

Da ruwa ya sauka babu sauran zancen jigila, sai shuka. Damina ta yi kyau a shekarar. Gonarmu ta rabu biyu kamar an ja zare: inda kwandunanmu suka kai gero ya yi duhu ya yi kauri, sauran kuwa rawaya ne, siriri, iya ƙugu. Kusurwar Malam ta bakin burtali kuma, ko a kan raƙumi kake ba ka hango bayanta. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yi tasbihi. Samari in sun gan ni sai su ce, "Doki Ɗari, noman naka ya yi kyau bana." Na daina zama a teburin mai shayi.

Da kaka muka zuba abin da muka samu, rumbu bai kai rabi ba. Inna ta leƙa ta sauko daga tsani. Ni na san ba zai kai mu tsakiyar bazara ba, kuma na san wanda ya jawo.

Yanzu burtalin nan an faɗaɗa shi, tifa ma tana shiga. Jakuna sun yi wuyar gani, Baba da Malam duk sun riga mu gidan gaskiya, mangalar tana ɗakina a naɗe. Na ja motoci da yawa bayan waccan, wasu sun fi ta komai. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daga shekarar shi ne wata safiya bayan an gama girbi.

Muna zaure ni da Baba sai ga sallamar Malam, yana janye da jakinsa, damman gero hagu da dama. Ya ce, "Na kusurwar bakin burtali ne. Ƙasar tawa ce, irin nawa ne, amma abincin da ta ci naku ne. Na raba biyu. Akwai saura, zan koma in ɗauko."

Baba ya ce, "Haba Malam, ruwan Allah ne ya kai maka, ba mu ba."

Malam ya ce, "Shi ne kuma ya ce in kawo. Kada ka sa in koma da shi, mutane su gan ni."

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya tashi ya buɗe ƙyauren. Jakin ya sa kai cikin ƙofar zaurenmu, ƙofar da mutum biyu ba sa shiga tare, ya karkata kaɗan, ya wuce da kayansa ko zangarniya ɗaya ba ta taɓa bango ba. Ni dai ina zaune, na kasa ɗaga ido in dubi kowa.

Baba ya dafa kafaɗata, muryarsa ba faɗa a ciki, ya ce, "Direba, tashi ka sauke. Wannan motar ta shigo."